Wa Ke Tsoron Wasan 'Ya'yan Talakawa?

Wani labari ya same mu daga ƙasar Rogo, ta wajen Ruwan Bago, irin labarin da in aka faɗa wa mutumin birni zai ce bai isa a ɓata tawada a kansa ba. Mu kam mun ga ya isa, har ya yi yawa. Ba za mu faɗi sunan makarantar ba, ba kuwa za mu faɗi sunan malamin ba, domin mun san halin ƙasarmu: yau ka yabi ƙaramin ma'aikaci a jarida, gobe a miƙa masa takardar canji zuwa inda mota ba ta zuwa.

Ga yadda abin ya ke. Wani malamin firamare ne, saurayi, ya mai da shi al'ada kowace Alhamis in an dawo daga tara sai ya kwashe 'yan aji shida ya kai su gindin bishiya, su yi da'ira. Ba littafi, ba alli, ba bulala. Sai ya ce, "Kai manomi ne, ka kawo rake kasuwa. Kai kuma dillali ne. Kai ne mai mota, kana sauri. To, bismilla." Shi ke nan abin da zai faɗa. Sauran magana yara ne za su ƙago ta da ka, nan take, kowa ya amsa abin da ɗan'uwansa ya jefo masa. Ɗaya daga cikinmu ya je ya gani da idonsa, ya ce yaron da a cikin aji ko sunansa aka tambaye shi sai ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu, shi ne ya ga ya tsaya ƙyam yana ja-in-ja da dillali a kan la'ada, har ya ƙure shi.

Ana nan, ran nan yara da kansu suka ce yau rabon takin gwamnati za su yi. Wani ya ɗauko tsohuwar takarda ya zama mai kiran suna. Ya kira sunan mai shayi, ya kira sunan direba, ya kira sunan wani wanda ya rasu bara, manoma kuwa na tsugune suna jira har aka ce taki ya ƙare. Mutanen da ke wucewa suka tsaya, aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ba a yi mako biyu ba sai ga wani na gaba da malamin ya zo da tambayoyi uku: ina wannan a cikin tsarin aikin zango, ina takardar shirin darasi, ina kuma rubutaccen wasan, a duba? Malam ya ce ai ba a rubuta shi, ranka ya daɗe. Aka ce to abin da ba a rubuta ba ba karatu ba ne, a koma aji. Yanzu ran Alhamis yaran nan suna zaune suna kwafar ma'anar wasan kwaikwayo daga allo, da Turanci, da ire-irensa guda nawa ne, don su haddace su zuba ran jarrabawa.

To, jama'a, mu tsaya a kan tambaya ta uku, domin a nan gizo ke saƙar. Ina rubutaccen wasan, a duba? Mai wannan tambaya ba ilmi ya dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne, wasan da aka rubuta ana iya karanta shi tun kafin a yi, a soke layin da bai yi wa manya daɗi ba, a sa hannu a buga hatimi. Wasan da ke fitowa daga bakin yaro nan take kuwa ba shi da wuyan da za a sa wa igiya. Ba wanda ya san abin da zai fito, har shi malamin. Abin da yaro ya gani a ƙofar gidan mai unguwa, da abin da ya ji ubansa na gunaguni a kai da dare, shi zai fito. Mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as.

Kada wani ya ce malamin nan ya yi shisshigi. Tun 2008 aka fara aiki da manhajar ilmin tushe ta shekara 9 a Nijeriya, a cikinta kuwa akwai darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda ya haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo. Watau gwamnati da kanta ta ce a koyar. Abin da ba ta yi ba shi ne ta horar da wanda zai koyar, sai aka bar darasin a hannun duk malamin da ya rage ba shi da aji, shi kuma ya mai da shi shifta. Wa ya taɓa koyon iyo a kan tabarma? A 2019 an yi shelar ilmi kyauta kuma tilas a Jihar Kano. A watan Yuni na 2024 an sake taruwa an yi shelar dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Mun ji, mun kuma yi fatan alheri, domin ajin da ba rufi da yaron da ke zaune a ƙasa abin kunya ne ga kowa. Amma ko an yi wa kowane aji rufin kwano an zuba kujeru, in abin da ake yi a ciki shi ne malam ya faɗa yara su maimaita, to an dai gyara wa aku keji ne.

Bari mu faɗi abin da ake koya a irin wannan darasi, don waɗanda suke zaton shiririta ce. Farko yaro yana koyon saurare, domin in bai ji abin da abokinsa ya ce ba, ba shi da abin mayarwa. Sa'an nan yana koyon ya karɓi abin da aka ba shi ya ɗora a kai: in abokinsa ya ce, "Ga jakinka ya faɗa rijiya," ba zai ce ai ba ni da jaki ba, wasa ya mutu ke nan, tilas ya nemi igiya, ko ya nemi wanda ya bar rijiya a buɗe. Yana koyon ya tsaya gaban mutane ya ɗaga murya ba tare da gwiwa ta yi sanyi ba. Babban abin kuma shi ne musanya. Wanda ya yi manomi yanzu, an jima shi ne dillali. Wanda ya yi alƙali ya dawo ya zama wanda ake ƙara. Yaron da ya taɓa zama a kujerar mai kiran suna, ko da ta wasa ce, ya gane cewa mai kiran sunan nan mutum ne kamarsa, takardar hannunsa kuma hannu ne ya rubuta ta, ba daga sama ta sauko ba. Ran da ya girma ya je asibiti, ko ofishin 'yan sanda, ko gaban mai karɓar haraji a kasuwa, ba zai tsuguna ya ce "duk yadda kuka yi daidai ne" ba. Zai yi tambaya, cikin ladabi, amma zai yi.

Wannan shi ne abin da 'ya'yan manya ke samu a makarantun kuɗi na Nasarawa da Abuja, inda ake da ƙungiyar muhawara da ƙungiyar wasan kwaikwayo da ranar da iyaye ke zuwa su yi tafi. Ba mu taɓa jin an je can an ce ina rubutaccen wasan ba. Ɗan babban mutum a koya masa magana, ɗan talaka a koya masa shiru, sa'an nan in sun girma a ce ai shi wancan Allah ne ya ba shi baki.

Masu cewa baƙon abu ne aka kawo mana daga Turai, mu tambaye su: a wace ƙasa suka yi ƙuruciya? Wane Bature ne ya koya wa yaran Hausa tashe? Daga goma ga azumi yara ke fita, wannan ya liƙa gemun auduga ya ɗauki sanda ya zama Tsoho da Gemu, wancan ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau Mai Magani, 'yan mata su yi Mairama da Daudu suna kwaikwayon zaman aure. Waƙar sananniya ce, amma abin da za a yi a ƙofar kowane gida, da amsar da za a ba maigida in ya yi zolaya, wannan sai dai ƙwaƙwalwar yaro. A Kano har sarauta gare shi, ta Nalako Sarkin Gwagware. In kaka ta yi an kai amfani gida, samarin ƙauye na yin kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, a kafa shari'a a ci mutane tara ana dariya. A gidajen sarauta kuma akwai wasan gauta, inda matan cikin gida ke shiga irin ta sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyar kowa da maganarsa da halinsa, sarki na kallo, mai hankali cikin hakimai ya ga aibinsa ya gyara. Ga 'yan kama, masu naɗa rawani su zauna kamar masu karatu, alhali kuwa zancen tuwo da miya suke yi. Duk cikin waɗannan ba wanda aka taɓa rubutawa. Sarakunan dā, duk da ikonsu, sun jure a kwaikwaye su a tsakar gidansu sau ɗaya a shekara. Yau ƙaramin jami'i ba ya jure yaro ɗan shekara 12 ya riƙe tsohuwar takarda.

Da boko ya zo ma, malaman makaranta ne suka fara riƙe abin. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake tsara wasanni, irin su Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, da ya zama malami a Midil ta Bauci daga 1942 kuma ya ci gaba da sa almajiransa suna kwaikwayon zaluncin da kowa ke gani ba mai iya faɗa. Tun kafin a kafa NEPU a 1950, a filin wasan makaranta ya fara gwada yadda ake faɗa wa mai iko gaskiya jama'a na dariya. Kuma kada a ce abin na 'yan hamayya ne kaɗai: Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya yi minista a gwamnatin NPC, shi ma da wasan kwaikwayo ya fara sa'ad da yake malami a Midil ta Kano, har aka yi ƙungiyar wasa mai sunansa. Duk wanda ya taɓa jin Ɗanmasani na jawabi ya san inda aka wasa harshen nan. A maƙwabciyar Rogo, Maƙarfi, aka sami Malam Shu'aibu Maƙarfi, mai Zamanin Nan Namu na 1959 da Jatau Na Kyallu na 1960. Daga baya talabijin ta zo da su Samanja Mazan Fama, watau Usman Baba Pategi, da Ƙasimu Yero, da Karkuzu, waɗanda yawancin aikinsu a shirya ƙashin labari ne kawai, maganar kuwa ta fito a gaban na'ura. A Damagaram ta Nijar, Yazi Dogo, wanda shi ma malamin makaranta ne, da ƙungiyarsa, haka suka riƙa yi, har wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zauna da su ta rubuta littafi sukutum a kan wasan Hausa na Nijar a 1987. Baƙi na zuwa su koyi abin a wurinmu su sami digiri, mu kuwa muna korar sa daga gindin bishiya.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne kusancin maganin. Daga Rogo, Samaru ta Zariya ta fi birnin Kano kusa. A can, a Jami'ar Ahmadu Bello, tun wajen 1975 wani malami mai suna Michael Etherton, wanda ya yi irin wannan aiki a Zambiya, da abokan aikinsa irin su Brian Crow, da waɗanda suka biyo baya irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka kafa hanyar da ɗalibai za su fita daga jami'a su shiga ƙauye, su zauna da mutane su ji abin da ke damunsu, sa'an nan a ƙulla wasa da ka, da Hausa, a yi shi a dandali, a tsaya a yi muhawara. Har ɗakin wasan da aka gina musu na ƙasa ne, da zauruka irin na gidan Bahaushe. A 1977 suka yi Wasan Manoma a ƙasar Soba, lokacin da gwamnatin soja ke ta kururuwar shirin ciyar da ƙasa na 1976, manoma kuwa suka nuna a cikin wasa inda takin ke maƙalewa. Bayansa aka yi na Maska da na Bomo. Ku duba fa: maganar taki ce a Soba a 1977, maganar taki ce a ƙasar Rogo yau. Yaran Ruwan Bago ba su taɓa jin sunan Etherton ba, amma da aka ba su fili, kan ciwon nan suka ɗora yatsa. Kusan shekara 50 ke nan ilmin nan na zaune a Samaru, mutane na zuwa daga ƙasashe su ɗiba, ga kuma sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero, amma ba mu ji Ma'aikatar Ilmi ta ɗauki malaman firamare na ƙauye ta kai su ko na mako guda ba.

Su ma mutanen jami'a ba za mu ƙyale su ba. Sun sani, domin su da kansu sun rubuta, cewa aibin aikinsu na farko shi ne ɗalibi ya zo ya yi kwana kaɗan, ya sami makinsa, ya hau mota ya tafi, ƙauye ya koma yadda yake. Daga baya kuma ƙungiyoyin ba da agaji suka gano abin, suka mai da shi tallar saƙo: a zo da mota da lasifika da riguna masu tambari, a yi wa mutane wasan wanke hannu ko na gidan sauro, a ɗauki hoto, a tafi. Wanke hannu abu ne mai kyau, ba mu ce ba. Amma wasan da aka rubuta ƙarshensa a ofis a Abuja, aka kawo wa talaka don ya gyaɗa kai, wa'azin gwamnati ne da aka sa wa hular barkwanci. Wanda muke magana a kai shi ne wanda mutanen gari ke riƙe da linzaminsa, kuma ba mai iya dasa wannan sai wanda ke kwana a garin, watau malamin makaranta.

Tsoron nan da muke gani ba a kanmu aka fara ba, kuma ko'ina kamarsa ɗaya. A Ingila, ƙasar da ta kawo mana boko, doka ta tilasta a kai kowane wasa ofishin wani babban bafaden Sarauniya ya duba kafin a yi, har zuwa 1968. A 1958 an gurfanar da Joan Littlewood da mutanenta gaban kotu aka ci su tara, laifinsu shi ne 'yan wasa sun faɗi abin da ba ya cikin takardar da aka sa wa hannu. A Brazil, Augusto Boal, wanda ya ƙago hanyar da mai kallo zai ce "tsaya!" ya shiga fili ya karɓi matsayin wanda ake zalunta ya gwada tasa dabarar, sojoji sun kama shi a 1971, suka azabtar da shi, ya yi gudun hijira. A Kenya, manoma da leburori na ƙauyen Kamiriithu sun gina dandalinsu da hannunsu suka yi wasa da harshensu na Kikuyu a 1977. Gwamnati ta hana wasan, ta tsare Ngugi wa Thiong'o shekara guda ba shari'a, a 1982 kuma ta aika aka rushe dandalin. A nan Arewa ma, dokar yara da matasa ta 1958 ta haramta wa 'yan ƙasa da shekara 16 shiga harkar siyasa, kowa kuwa ya san 'ya'yan wa ake nufi. Amma a Amurka, wata mata mai suna Viola Spolin, da 'ya'yan baƙin haure matalauta na Chicago ta fara gwada wasanninta na koyar da ƙirƙira nan take, littafinta na 1963 kuwa ya zama abin da malamai ke aiki da shi a ƙasashe da yawa. Kowace hukuma da abin da ta zaɓa.

Tamu me ta zaɓa? A 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano. A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ɗan Ibro wata biyu, mutumin da ya bar aikin gandiroba ya zo ya sa Arewa duka dariya, sai ga shi an mai da shi gidan da ya baro, ta ɗaya ƙofar. A 2016 aka soke shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙasar Bebeji bayan hayaniya. A 2022 kuma 'yan sandan Kano suka ba da sanarwar hana tashe, aka kuma maimaita hanin a azumin wasu shekarun da suka biyo baya, dalili wai ɓata-gari na fakewa da shi su yi dabanci da ƙwacen waya. Ba mu musa ba, ana yi. Mun san unguwannin da mutane suka ji jiki. Amma wannan shi ne a bar jaki a doki taiki. Ɗan daba bai daina fita ba don an hana tashe, wanda ya daina fita shi ne yaro mai gemun auduga. Kuma in 'yan daba sun addabi wasu unguwannin birni, mene ne laifin yaran Ruwan Bago da Zarewa da Fulatan, inda kowa ya san ɗan gidan wa ke ƙarƙashin kowane gemu? Gwamnati na da hukuma guda mai shugaba da ma'aikata da motoci don ta hana wasa. Muna tambaya, ina hukumar da ke koyar da shi?

Saura maganar da ta fi kowace nauyi, ba kuwa za mu yi mata riƙon wasa ba. Akwai iyaye da malaman addini masu tsoron Allah waɗanda in sun ji an ce wasan kwaikwayo, abin da ke zuwa ransu shi ne rawa da waƙa da cuɗanyar maza da mata irin ta wasu fina-finai, su ce ba su aika 'ya'yansu makaranta don a mai da su 'yan fim ba. Damuwarsu gaskiya ce, kuma ba da gatse za a amsa ta ba. Amsarmu ita ce, su zo su gani. A wasan dillalin rake ba rawa, ba kiɗa, ba wanda ya taɓa wani. In gari ya fi son a raba maza da mata, a raba. Ai wasan gauta mata ne zalla, tashen 'yan mata ma dabam yake da na samari. Makarantun Islamiyya da kansu, ran saukar karatu, suna sa yara su yi ɗan wasa a kan ladabin iyaye ko sharrin ƙarya, da Larabci da Hausa, iyaye na murna. Mai cewa kwaikwayo ƙarya ne, ai ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka ba don a ɗauka haka ne. Yaron da ya ce shi ne dillali ba wanda ya ruɗa, misali ya buga. Abin da za a tsare shi ne cin mutunci: kada a kama sunan wani, kada a kwaikwayi gurgu ko makaho don a yi masa dariya, kada a taɓa abin da addini ya girmama. Wannan kuwa aikin malami ne, shi ya sa muke cewa a horar da shi maimakon a kore shi. Fim ɗin da iyaye ke gudu yana cikin wayar da ke aljihun yayan yaron, ba wanda ya nemi izninsu. Yaron da ya san yadda ake ƙulla wasa ya fi wanda bai sani ba gane inda ake yaudararsa.

Masu cewa ba kuɗi kuwa, su nemi wata hujjar. Alƙaryar fim ta Kofa an ce naira biliyan 3 za ta ci. Darasin malamin nan bai ci ko sisi ba: inuwa ta Allah ce, tsohuwar takarda daga shara aka tsinto ta. Wannan ne kaɗai darasin da makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ba ta da laburare, ba ta da lantarki, za ta iya yin sa daidai da makarantar 'ya'yan gwamna. Shi ne kuma aka zaɓa aka hana.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kano da hukumar ilmin firamare su fitar da takarda a fili, wadda kowane hedimasta zai liƙa a ofishinsa, cewa wasan da yara ke ƙagowa da ka yana cikin darasi, kuma ba a bukatar a kai wa kowa rubutunsa. A lokacin dogon hutu a ɗebi malamai biyu-biyu daga kowace mazaɓa ta Rogo da Ƙaraye, a haɗa su da mutanen Samaru da na Bayero, a kuma gayyato dattawan da suka yi kalankuwa da tashe da ƙuruciyarsu su zauna a matsayin malamai, ba 'yan kallo ba, a biya su. Masarautar Ƙaraye, wadda aka maido da ita a 2024 da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta, tana da bakin da za ta gaya wa 'yan sanda cewa dagatai da masu unguwanni sun isa su tsare tashen ƙauyukansu, a bar yara su fita daga bayan shan ruwa zuwa lokacin da gari ya yarda. Kansilolin yankin kuma, da suka iya zagaya gida-gida lokacin zaɓe, su taka zuwa makarantun mazaɓunsu ran Alhamis su ga abin da ake yi da sa'ar nan.

Ku kuma iyayen yara na Ruwan Bago da kewaye, ku ne kuka tsaya kuka yi dariya ran da aka kira sunan mamaci a rabon taki, domin kun san ba ƙage yaran suka yi ba. Taron iyaye da malamai na zangon nan yana tafe. Ku je, ku nemi a sa maganar cikin abin da za a tattauna, ku tambayi wanda ya hana ya nuna muku dokar da ya dogara da ita, a rubuce, tun da shi ne mai son rubutu. In ya kawo, ku aiko mana, za mu buga ta a wannan shafi yadda take ba tare da mun taɓa ko wasali ba.